Rabon Gonar Ludayi

Ku da kuka zo kuna roƙon in ara muku igiyata, kuna cewa ai awon gona ba wani abu ba ne, ja ne da ƙirga, ku sami wuri ku zauna. Igiyar ga ta can rataye, ba na rowarta. Amma sai kun ji abin da ta ci tukuna. Ni ne Ummaru mai igiya. Shekara ashirin da biyar ke nan ina cikin aikin raba wa magada gonaki tsakanin Gwandu da Kalgo, kuma da za a mayar da ni yaro yau a ce in zaɓi sana'a, jima zan zaɓa, in yini ina wari, in kwanta da zuciya wankakkiya.

Malam Labbo ne ya koya mini, wani siririn tsoho a Gwandu mai ƙaramar murya da nauyin hannu. An kai ni wurinsa shekarar da Nasara suka shigo ƙasar nan. Wata shida ban taka gona ba, tufka kawai nake yi. A jiƙa rama, a saɓe, a tufka igiya kamu arba'in, a yi ƙulli a kowane kamu biyar. Kamun kuma ba na hannunka ba ne, na wata sandar ƙirya ce da ya yanke tun yana saurayi, don a cewarsa hannun mutum yana ƙara tsawo idan gonar abokinsa yake aunawa. Igiyar rama tana tsukewa idan ta sha raɓa, tana saki idan ta sha rana. Ka auna wa babban ɗa da sanyin safiya, ka auna wa ƙarami da azahar, ka cuci ɗayansu ba ka sani ba. Saboda haka kafin kowane awo sai an gwada igiya da sanda. Ran da na manta, kunnena na dama ya yi kwana uku yana zafi.

Akwai kuma ƙaramar igiya ta kamu goma sha biyu, ita ke fitar da kusurwa. Ka ɗaure bakinta biyu wuri ɗaya, ka kafa turaku uku a cikinta, gefe ɗaya kamu uku, ɗaya huɗu, ɗaya biyar, ka ja ta yi tauri. Kusurwar da ke tsakanin uku da huɗu ita ce miƙaƙƙiya, irin ta ɗakin soro. Na tambayi Malam dalili, ya ce shi ma haka ya gada, amma in na sami ranar da ba ta fita daidai ba in zo in tashe shi ko yana kabari.

Da waɗannan biyu ake yanka gona ɗaki-ɗaki. Fili mai igiya ɗaya a tsawo, igiya ɗaya a faɗi, shi muke kira ɗaki. Kana shiga cikin gonar ne, kana kafa turaku jeri-jeri, kowane ɗaki ka jefa tsakuwa ɗaya a ƙwarya. Ƙarangiya ta ci ƙafarka, rana ta ci ƙeyarka, ba ruwan kowa.

Aiki na farko da ya bar ni in yi lissafinsa da bakina a Malisa ne. Mutum ya rasu ya bar mata, 'ya'ya maza biyu da mata uku, gonar kuma ta fita ɗaki arba'in cif. Alƙali ya riga ya faɗi rabo: matar tana da sumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, namiji kuma rabon mace biyu. Alƙali yana faɗa ne a zaure, mu ne masu sauko da maganar ƙasa. Na kasa tsakuwa arba'in gida takwas, na ture biyar na matar. Saura talatin da biyar. Maza biyu sun tashi kashi huɗu, mata uku kashi uku, bakwai ke nan. Kowace mace ɗaki biyar, kowane namiji goma. Malam bai ce madalla ba, bai saba ba. Goro ya ɓara ya miƙo mini rabi, na kuwa adana shi har ya bushe.

Masu gona kuwa, sai ka zauna da su za ka san ɗan Adam. Akwai wanda za ka ba shi bakin igiya ya riƙe, ka juya baya, yana matsawa da yatsun ƙafa kamar hawainiya. Akwai wanda zai rantse kakansa ne ya dasa kukar da ta girmi garin. Wata tsohuwa a Kalgo ta zauna a kan turke ta ce sai dai a auna da ita. Duk wannan ba komai ba ne, dariya ce ta bayan aiki. Abin tsoro shi ne ranar da kowa ya yarda da kai.

Bayan shekara bakwai idanun Malam suka fara hazo, ya sallame ni in ci gashin kaina. A nan na fara wayo. Na lura idan gonaki biyu sun yi kama da juna a siffa, na kewaye wannan da igiya na kewaye waccan, ƙirgar ta zo ɗaya, to ɗakunan cikinsu ma sukan zo kusan ɗaya. Sau biyar na gwada, sau biyar ta fita. Na ce ashe tsohon nan wahalar banza yake ba mu, aikin yini biyu ga shi ana gamawa kafin hantsi. Ban faɗa masa ba. Na riƙe abina a ciki ina jin ni ma na zama wani.

Shekara biyu kafin babbar yunwa aka kira ni wani ƙauye tsakanin Kalgo da Diggi. Wani manomi ya rasu a ƙarshen damina ya bar 'ya'ya maza biyu kawai, uwarsu ta riga shi. Babban shi ne Manu, mutum mai sanyin magana, ba ya gaggawar komai. Ƙaramin Altine, dogo, mai zafin nama da zafin zuciya, yana da mata ɗaya, Ige, da 'ya'ya huɗu. Gonar ubansu siffar ludayi gare ta: wani babban fili mai kusurwa huɗu a tudu, sannan wata doguwar siririyar hannu da ta miƙe ta nufi fadama. Maiwa na tsaye a ciki ta fi mutum tsawo. Ƙa'ida ita ce a jira a yi girbi, sannan a shiga da turaku. Amma hanyar yini biyu ce daga Gwandu, ga wani aiki yana jirana, ba na son dawowa. Na ce bari mu kewaya.

Na yanke a wuyan ludayin, na kewaye babban filin ina jefa tsakuwa. Igiya arba'in. Na kewaye doguwar hannun. Igiya arba'in, ko kamu ɗaya bai yi sama ba. Dattawan da suka zo shaida suka yi kabbara, wani ya ce ai Allah ne ya raba gonar nan da kansa tun ran da aka sare ta. Al'adar wurin ita ce ƙarami ke fara zaɓe. Altine ya tsaya a wuyan ludayin ya hangi doguwar, ƙarshenta ko ganuwa ba ya yi.

Ya ce, "Doguwag ga nika so."

Aka dasa gamba a kan iyaka, aka shafa Fatiha. A ƙasarmu idan gamba ta kama, Fatiha ta hau kai, magana ta mutu. Aka ba ni fura mai kyau da zakara, na hau jakina kafin azahar ina ta yaba wa kaina.

Da shuka ta gaba ta wuce, ran kasuwar Kalgo, ina zaune a rumfar wani maƙeri cikin mutane, sai ga Altine. Ya gaishe ni da ladabi, ya tsuguna.

Ya ce, "Mallam Ummaru, wurinka niz zaka. Iri tiya ukku nis shibka, gonata tac cika. Yaya Manu sai da yaz zuba shidda. In rabo daidai na, mi ya sa haka?"

Da ni kaɗai ya samu, wataƙila da na yi tunani. Amma idanu suna kaina. Na ce, "Kai kaz zaɓa da bakinka gaban dattawa. Igiya ba ta da ɗan'uwa, Altine, ba ta ƙarya."

Ya ce, "Ban ce ta yi ƙarya ba, Mallam. Amma ƙasa ma ba ta yi."

Na ce ya je ya koyi shuka, wataƙila tazarar ramukansa ce ta yi yawa. Aka yi dariya. Ya tashi ya kaɗe riga ya tafi. Daga baya na ji ya ce ai yayansa ne ya toshe mini baki, kuma tun daga ranar ya daina shiga gidan Manu, ya hana Ige ɗibar ruwa a rijiyarsu.

Da na koma Gwandu na je gaida Malam Labbo, na ba shi labarin a matsayin abin dariya. Bai yi dariya ba. Ya sa na faɗa masa siffar gonar sau biyu. Sai ya kira matarsa ta kawo zare da ƙoƙon gyaɗa. Ya ƙulla bakin zaren, ya shimfiɗa shi a ƙasa da lalube ya yi kusurwa huɗu daidai, ya ce in jera gyaɗa a ciki har ta cika. Na jera. Ya sa yatsa biyu ya ja zaren ya yi tsawo ya tsuke. Gyaɗa ta yi ta tsallake zare tana fita waje, kusan rabi.

Ya ce, "Zaren ga ya ƙaru ko ya ragu?"

Na ce, "Yana nan yadda yake, Malam."

Ya ce, "To gujiyag ga, mi yaf fid da ta? Shekara bakwai ina hwaɗa maka ciki aka ci, ba baki ba. Wa kat taɓa gani ya yi tuwo da iyaka?"

A nan na gane abin da na yi wa Altine. Ya ce, "Tashi ka koma yau, ba gobe ba. Ka tara waɗanda sunka shaida, ka ce ni Ummaru na yi kure. Gamba ciyawa ta, ana tumɓuke ta."

Na ce to. Ban je ba.

Ku ji dalilina, don kada ku zaci dalilin mugu daban yake da naku. A lokacin sunana ya fara tashi, hakimai suna aikowa a kira ni. Idan aka ji igiyar Ummaru ta yi kure sau ɗaya, duk gonar da na taɓa rabawa sai an tono ta. Na ce bari a yi kaka tukuna, ba a tayar da iyaka amfani na tsaye. Kaka ta zo da albarka, na ji Altine ma ya cika rumbu, na ce to ai ba a mutu ba, bari sai rani. Cikin ranin nan Malam Labbo ya rasu. Na yi kuka a jana'izarsa, amma Allah ya sani cikin kukan akwai wani sauƙi da na ji, don mutum ɗaya da ya san abin ya tafi. Wannan sauƙin shi ne abu mafi muni da na taɓa ɗauka a cikina.

Sai shekarar ta zo. Ruwa ya sauka a makare, aka yi shuka sau uku, da gero ya fara ɗaukar ciki sama ta ɗauke kamar an rufe ƙofa. Ba zan ba ku labarin yunwar nan duka ba, iyayenku mata sun fi ni iya faɗa. An ci tafasa, an ci bado, an tona gidajen tururuwa ana kwashe 'yan ƙwayoyin da suka tara. Ni igiyata wata goma tana rataye, don babu mai faɗa a kan gonar da ba ta ba da komai. Na tuna Altine a watannin nan, ba sau ɗaya ba. Na ce da kaina yanzu ko na je me zan gyara, ƙasa ce zai ci?

Da damina ta gaba ta yi kyau aka ci sabon gero, aikina ya buɗe irin buɗewar da ban taɓa gani ba, don kowane gida an yi mutuwa, kowace gona tana jiran rabo. Aiki ya kai ni wajen Diggi. Na so in bi wata hanya, jakin ya bi wadda ya sani. Na tarar da Manu a bakin gonar ludayi, ya rame har na so in wuce shi. Na tambayi Altine.

Ya ba ni labari yana kallon ƙasa. Shekarar farin, shi ya sami dami arba'in, da baki tara a gidansa, suka tsira da ƙyar. Altine ya sami ashirin. Ige tana jan dami ɗaya ya yi musu mako, da ganye da dusa. Da ya ƙare suka sayar da awaki, suka shiga kamun kifi da tonon bado, suka ja har tsakiyar damina. Sau biyu Manu ya aika musu da hatsi a ƙwarya, sau biyu Altine ya mayar, ya ce ba ya karɓar sadaka daga gonar ubansa. Hali, ɗan Altine na uku, ya rasu. Kwana huɗu tsakani auta Balki ta bi shi. Saura kwana ashirin gero ya nuna. Washegari Altine ya ɗauki Ige da manyan yaran biyu suka bi gulbi suka yi kudu, bai yi wa kowa sallama ba. Manu ne ya girbe masa geron, ya zuba a rumbu daban.

Ya ce, "Har yat tahi shina ganin na cuce shi, Mallam. Kai ka sani ban ba ka komi ba."

A nan bakina ya buɗe, shekara biyu da rabi a makare. Na faɗa masa duka, da zaren, da gyaɗar, da abin da Malam ya ce in yi. Na yi zaton zai ɗaga hauya ya sare ni, kuma da na ji daɗin haka. Bai ɗaga ba.

Ya ce, "Ni ma na lura ina zuba iri ya hi nashi. Nic ce hannuna na ad da yawa. Mallami ya auna, ni wane ne? Da ka zaka ka hwaɗi, wallahi ko alƙali ba mu zuwa. Ƙanena na, ciki guda."

Sannan ya ce in sauke igiya.

Yini biyu muka yi, shi ke riƙe bakin igiyar, kuma ban taɓa samun mai riƙewa da bai motsa ko yatsa ba sai shi. Na gwada igiya da sanda safe da rana. Na fitar da kowace kusurwa da uku, huɗu, biyar. Babban filin igiya goma ne a tsawo, goma a faɗi: jeri goma na ɗaki goma, ɗari. Doguwar hannun goma sha bakwai a tsawo, uku a faɗi: jeri uku na goma sha bakwai, hamsin da ɗaya. Kewayensu arba'in arba'in, kamar yadda na faɗa a gaban dattawa. Duka ɗari da hamsin da ɗaya, rabon kowa saba'in da biyar da rabi. Ɗaki ashirin da huɗu da rabi na Altine suna cikin gonar Manu.

Muka tumɓuke gambar muka dasa ta inda ya kamata. Ina naɗe igiya sai ya ce, "Mallam, kai ad da lissahi. Wurin ga da munka maida, shekarar hwari dami nawa zai ba shi?"

Na so in ce Allah ne masani. Amma lissafin ya riga ya gama kansa a kaina kafin ya rufe baki, haka sana'ar take. Ɗaki ɗari ya ba da arba'in, wato kowane ɗaki biyar dami biyu.

Na ce, "Dami goma, ko kusa."

Ya ce, "Dami guda, mako guda."

Na ce, "Haka ne."

Ya ƙirga da yatsunsa, a hankali, kamar yadda yake komai. Ya ce, "Kwana saba'in. Su ko ashirin sunka rasa."

Bai zage ni ba. Ya ɗauki hauyarsa ya ce in gaida gida.

Shekara goma sha huɗu ke nan. Manu bai taɓa sa hauya a ɗakunan nan ashirin da huɗu da rabi ba, bai kuma bar ɗansa ya sa ba, ya ce na mai shi ne. Duk fataken da suka fito kudu sai ya tare su da tambaya, babu wanda ya ga Altine. Idan kun bi hanyar Diggi da damina za ku ga wurin, wata tsiri ta sabara da ciyawa a tsakiyar gero, kusurwoyinta a miƙe sarai. Shi ne aiki mafi kyau da na taɓa yi.

Tun daga ranar ban sake kewaye gona ba, ko da kamar tafin hannu take sai na shiga cikinta. Mutane suna cewa Ummaru ya cika nawa, na yarda. Ga igiyar can, ku ɗauka, ku ɗauki sandar ma, kada ku auna da hannunku. Ku da kuka yi karatun zamani, an ce kuna da hanyoyin lissafi a takarda da ba mu sani ba. To in akwai wanda ya ƙware a cikinku, ina da roƙo ɗaya. Ɗaki ashirin da huɗu da rabi, kowane biyar dami biyu, kowane dami mako guda. Na yi shi da tsakuwa, na yi shi da gyaɗa, na yi shi da yatsa a kan ƙasa, ban san iyakar sau nawa ba, ko Allah zai sa in gano na yi kure ya fita ƙasa da kwana ashirin. Ku gwada mini da alƙalaminku. A wurina dai bai taɓa fita ba sai saba'in.